Daga Tokyo Zuwa Sakaiminato: Tafiyata Garuruwan Manyan Masu Zanen Manga

Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a Tokyo ne ya aiko mini da takardar gayyata, ni kuma da yake koyar da zane ce sana'ata, na ƙudurta tun daga gida cewa ba kallon dogayen gine-gine zai kai ni Japan ba, so nake in taka wuraren da masu zanen manga suka zauna suka yi aiki. Manga dai shi ne labarin da ake bayarwa da zane, gida-gida a kan shafi, da maganar kowane mutum a rubuce kusa da bakinsa, kuma daga cikinsa ne yawancin katun ɗin Japan da yaranmu ke kallo suka fito. Na karɓi biza a ofishin jakadancin Japan da ke Abuja, na tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa, daga can muka yada zango a Koriya ta Kudu kafin mu sauka filin jirgin Narita, kusa da Tokyo, da dare. A wurin shige da fice an ɗauki hoton yatsuna da na fuskata, jami'in kwastan kuma ya tambaye ni ko na zo da nama. Na ce a'a, domin yaron ya riga ya gargaɗe ni cewa ko kilishi aka gani ƙwacewa za a yi. Yajin da uwarsa ta ba ni saƙo ne kaɗai ya tsallake.

Ranar Litinin da safe yaron ya shigar da ni ɗaya daga cikin ƙananan shagunan nan da ba sa rufewa dare da rana, ya saya mini mujallar Shonen Jump ta wannan makon a kan kusan yen 300, kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Kauri gare ta kamar ƙamus, takardarta kuwa mai arha ce mai kaushi, kuma daga dama ake buɗe ta. A cikinta akwai labarai kusan ashirin, kowane mai zane yana kawo shafi kusan goma sha tara duk mako, tare da katin da masu karatu ke cikewa su zaɓi labaran da suka fi burge su. Ya ce mini, "Kawu, a nan mai karatu ne alƙali. Wanda ya daɗe a ƙasan jeri, sallamarsa ake yi." An fara buga mujallar a 1968, kuma a 1995 ta kai kwafi miliyan 6.53 a fitowa guda. Wanda bai fahimci wannan tsarin ba, ba zai gane irin wahalar da ke bayan sunayen da zan ambata ba.

Wurin farko da na nufa shi ne Tokiwa-so, gidan da manyan masu zanen manga da dama suka zauna a farkon sana'arsu, a gundumar Toshima ta Tokyo. Asalinsa gidan haya ne na katako mai hawa biyu da aka gina a 1952 aka rushe a 1982, sai hukumar gundumar ta sake gina kwatankwacinsa a wani ɗan lambu kusa da inda yake, ta buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 2020. Takalmi ake cirewa a bakin ƙofa, kuma matattakalar tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, domin har ƙarar suka dawo da ita da gangan. A sama akwai dogon baranda da ɗakuna dama da hagu, kowane ɗaki faɗin tabarmar Japan huɗu da rabi, wato idan mutum ya shimfiɗa katifa ya ajiye ɗan teburi to wuri ya ƙare. Kicin ɗaya ne na kowa da kowa, sun ajiye kwanoni a cikinsa kamar yanzu aka gama ci ba a wanke ba, banɗaki ɗaya, wurin wanka kuwa babu. Haya yen 3,000 ce a wata.

Osamu Tezuka ya zauna a ɗaki mai lamba 14 daga 1953 zuwa 1954, lokacin sunansa ya riga ya fito, shi ya sa samarin da ke mafarkin zama kamarsa suka riƙa kwararowa gidan. Da zai tashi, sai ya bar wa wasu abokai biyu daga jihar Toyama ɗakin da teburinsa da kuɗin ajiyar da ya ba mai gida. Su ne Hiroshi Fujimoto da Motoo Abiko, waɗanda suka yi ta aiki da suna guda, Fujiko Fujio, har suka raba jari a 1987, kuma Fujimoto ne ya ƙirƙiro Doraemon a 1969, kyanwar inji mai aljihun abin mamaki da babu yaron Japan da bai san ta ba. A wani ɗakin Shotaro Ishinomori ya zauna, mai Cyborg 009 da Kamen Rider, wanda kundin Guinness ya shaida cewa babu wanda ya kai shi yawan labaran zane da aka buga: labarai 770 a shafi sama da 128,000. Kusa da shi Fujio Akatsuka, sarkin barkwanci. Mace ɗaya ce ta zauna a cikinsu, Hideko Mizuno, na 'yan watanni a 1958. Babban yayansu shi ne Hiroo Terada, wanda ke ba su rance idan haya ta gagara. Na daɗe a tsaye a bakin wani ɗaki ina kallon teburi mai gajerun ƙafafu, da kwalbar tawada, da alƙaluma masu bakin ƙarfe, da fitila ɗaya, ina tunanin cewa idan ɗaya ya makara da aiki sauran ne ke haɗuwa su cike masa baƙi a shafi har asuba, edita kuma yana zaune a baranda yana jira.

Shagon taliyar da suke aikawa a sayo musu, Matsuba, har yanzu yana nan a unguwar, sai dai daga waje na tsaya, saboda romon irin wannan taliya galibi ba ya rasa naman alade. Abinci shi ne babbar wahalar tafiyar. Ko abin da babu nama a cikinsa, sau da yawa akwai giyar girki, don haka yaron ne ke karanta mini bayan kowace leda, ni kuma na koma ga dunƙulen shinkafa mai kifi a ciki da dafaffen ƙwai da ayaba. Sai ranar Juma'a, da muka je babban masallacin Tokyo na Turkawa a Yoyogi-Uehara, na samu nama na halal na ci na ƙoshi. A can na haɗu da wani Bahaushe mai fataucin kayan gyaran mota, da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariya ya ce, "Malam, duk wannan kuɗin jirgin a kan katun?"

Da ya bi ni Sakura-shinmachi da ya ga amsa. Unguwa ce da aka jera mutum-mutumin wasu iyali a bakin tasharta, saboda Machiko Hasegawa, wadda a 1946 ta fara zana Sazae-san a wata jaridar Fukuoka, gida huɗu kacal kowace rana, a kan wata matar aure mai baki da surutu da iyayenta da ƙannenta. Daga baya jaridar Asahi ta ɗauka har zuwa 1974. Ita da 'yan uwanta mata suka kafa kamfanin da ya riƙa buga littattafanta, a zamanin da mace ba ta da ta cewa a wannan sana'a. Katun ɗin da aka yi da labarin yana fitowa kowace Lahadi da yamma tun 1969 har yau. A wajen Japan ba a cika ambaton ta ba, domin labarinta ba faɗa ba tsafi, amma a ganina duk jerin manyan masu zanen da babu sunanta a ciki bai cika ba.

Yotsugi kuwa son zuciyata ne ya kai ni. Waɗanda suka taso suna kallon tashoshin Larabawa ta tauraron ɗan'adam sun san Kyaftin Majid. Asalin sunansa Captain Tsubasa, kuma Yoichi Takahashi, ɗan wannan yanki na Katsushika, shi ya fara zana shi a 1981 bayan gasar cin kofin duniya ta 1978 ta shiga ransa. An lulluɓe tashar jirgin da hotunan 'yan wasan tun daga matattakala har rufi. Lokacin da ya fara, Japan ba ta da gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru. An fara buga ta a 1993, ƙasar kuma ta fara zuwa kofin duniya a 1998.

Daga Tokyo muka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Kyoto, kusan yen 14,000 kowane mutum, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci, dutsen Fuji yana hannun dama. Da muka tsaya a Nagoya sai hira ta koma kan Akira Toriyama, wanda a wannan jiha ta Aichi aka haife shi a 1955, a nan kuma ya ci gaba da zama yana aika aikinsa Tokyo. Ya fara da Dr. Slump a 1980, sannan Dragon Ball daga 1984 zuwa 1995, littafi 42. Mutum ne da ba ya son a ga fuskarsa, har idan zai zana kansa sai ya yi ɗan mutum-mutumin inji. Gwanintarsa ita ce tsabtar layi: duk yadda faɗa ya kaure a shafi, ido ba ya ɓata, ka san wanda ya kai naushi da inda aka faɗi. Eiichiro Oda mai One Piece da Masashi Kishimoto mai Naruto duk sun ce a bayansa suka taso. Ya rasu ranar 1 ga Maris 2024 yana da shekara 68.

Gidan tarihin manga na Kyoto tsohuwar makarantar firamare ce da aka mayar a 2006, da haɗin gwiwar hukumar birnin da jami'ar Kyoto Seika. Suna da kaya kusan 300,000, kuma littattafai 50,000 na jere a bango mai tsawon mita 200, kowa ya zaro ya zauna inda ya samu. Na ga dattijo da jikarsa a kan matattakala kowa da nasa littafin, ba mai ce wa wani uffan. A wani ɗaki an jera kwafin hannuwan masu zane da aka yi da farar ƙasa, kowanne riƙe da alƙalami yadda mai shi ya saba, wani ya damƙe kusa da baki, wani can sama. A matsayina na malamin zane, wannan ɗakin ya fi komai riƙe ni. A nan ne kuma na ga girman aikin matan da suka juya labaran 'yan mata a shekarun 1970, irin su Moto Hagio da Riyoko Ikeda da Keiko Takemiya, waɗanda suka fasa iyakokin gidajen zane suka bar tunanin mutum yana yawo a shafi. Bayansu Rumiko Takahashi ta zo da Ranma da Inuyasha, ta kuma karɓi babbar kyautar bikin labaran zane na Angoulême a Faransa a 2019. Takemiya ta shugabanci jami'ar Seika daga 2014, wanda ya gaje ta a 2018 kuwa ɗan Mali ne haifaffen Bamako, Oussouby Sacko.

Akwai wani sashe da ya nuna yadda manga ya bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da talauci ya hana mutane sayen littafi. Shagunan haya ne suka riƙe kasuwar: yaro ko lebura ya biya 'yan kuɗi kaɗan ya tafi da littafi ya dawo da shi gobe, masu zane kuma suna aiki wa ƙananan maɗaba'u da ke biyan su abin da bai taka kara ya karya ba. A cikin wannan kasuwa ne Yoshihiro Tatsumi ya fito da salon gekiga a 1957, labarai masu nauyi don manya. Duk wanda ya san shagunan hayar littattafan Hausa a unguwannin Kano, da yadda mata ke aika yara su karɓo kashi na biyu, da yadda masu ilimin boko suka daɗe suna yi wa littattafan kallon raini, zai ji kamar labarin gida ake ba shi. Su ma iyaye da malamai sun yi wa manga bore a shekarun 1950, har an ƙona littattafai. Inda hanya ta rabu shi ne manyan kamfanonin ɗab'i na Japan sun shigo da mujallun mako-mako tun daga 1959, suka ɗauki editoci, suka riƙa tattara labaran su zama littafi ana biyan mai shi kasonsa na kowane kwafi, yayin da namu marubutan yawanci su ne marubuta, su ne masu buga wa kansu, su ne masu bin bashi a kasuwa.

Takarazuka, garin da Tezuka ya taso, na nesa da Kyoto da tafiyar awa ɗaya da wani abu a jirgin ƙasa. Daga tasha ana bin wata hanya mai furanni a wuce babban gidan wasan kwaikwayon garin, wanda tun 1914 mata zalla ke wasa a cikinsa, har matsayin maza su ke hawa. Mahaifiyar Tezuka ta riƙa kai shi kallo yana yaro, daga nan ne kuma ya samo labarin gimbiyar da ke shigar maza, wanda ya fara a 1953. Gidan tarihinsa, da aka buɗe a 1994, yana da mutum-mutumin tsuntsuwar wuta a ƙofa. Shiga yen 700 na biya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne littafin ƙwarin da ya zana yana ɗan makaranta, kowane ƙwaro da ƙafafunsa da ɗigon bayansa, sai ka rantse hoto ne.

An haife shi a 1928, ya yi aiki a masana'antar kayan yaƙi a Osaka ya ga ruwan bama-bamai na 1945 da idonsa, ya karanta likitanci ya samu lasisi, amma ya zaɓi alƙalami. Littafin da ya fito da shi a 1947, Shin Takarajima, ana cewa an sayar da kusan kwafi 400,000. Kafin shi, yawancin masu zane suna tsayar da mai karatu wuri guda kamar mai kallon dandamali. Shi kuwa sai ya riƙa matsowa da ido kusa da fuska, ya ja baya, ya leƙo daga sama, ya kashe gidaje da yawa a kan mota guda tana tahowa, dabarun da ya kwaso daga silima. Ya fara Astro Boy a 1952, ya yi Black Jack a kan likitan da ba shi da lasisi, ya yi tarihin Buddha, ya yi ta zana labarin tsuntsuwar wuta har mutuwarsa bai gama ba. An ƙiyasta shafukansa sun kai 150,000 kafin ciwon dajin ciki ya ɗauke shi a watan Fabrairun 1989 yana da shekara 60. Japanawa suna yi masa laƙabin da bakin Musulmi ba zai maimaita ba; uban manga ya wadatar.

Duk da haka ban fito ina ganinsa ba aibi ba. Da ya kai Astro Boy talabijin ranar 1 ga Janairun 1963, ya karɓi aikin a farashi mai rahusa ƙwarai, ya rage yawan zanen da ake yi a kowane daƙiƙa don a iya fitowa duk mako. Dabarar ta haifi masana'anta guda, amma masu suka, ciki har da Hayao Miyazaki, shahararren mai shirya finafinan katun, sun ɗora masa alhakin ƙarancin ladan da masu zanen katun ke fama da shi, kamfaninsa na Mushi ma ya karye a 1973.

Mun yi sallah a masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935 ya kuma tsira daga bama-baman yaƙi da girgizar ƙasar 1995, muka kwana a ƙaramin otal, washegari muka bi ta Okayama muka ratsa duwatsu zuwa Yonago. Daga nan wani ɗan jirgi da aka yi wa fenti da dodanni ciki da waje ya kai mu Sakaiminato, garin masunta a bakin tekun Japan. Iskar da ke tasowa daga tekun ta shige rigunan sanyi biyu da na saka, yatsuna suka ƙi riƙe fensir, amma a nan ne kaɗai na ci abinci ba tare da bincike ba, domin gasasshen kifi ne da kaguwa da farar shinkafa.

Garin Shigeru Mizuki ke nan, mai zanen labarin Kitaro, wani yaro ɗan dodanni. Daga tasha zuwa gidan tarihinsa tafiyar mita 800 ce, an jera mutum-mutumin tagulla sama da 170 na halittun da suke kira yokai, wato aljanu da dodannin tatsuniyoyinsu: mai wankin wake a bakin rafi, bangon da ke tare matafiyi da dare, da mahaifin Kitaro, wanda ƙwayar ido ce guda mai hannu da ƙafa tana wanka a cikin kwano. An fara da guda 23 a 1993 lokacin da kasuwar titin ke mutuwa, yanzu kuwa mai burodi da ɗan tasi da mai sayar da tsaraba duk da su suke cin abinci. Wata tsohuwa da ke taimaka wa gidansu ce ta cika wa Mizuki kunne da waɗannan labarai yana yaro. A 1943 aka ɗauke shi soja aka tura shi tsibirin New Britain, inda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, bam kuma ya raba shi da hannun hagu. Mutanen Tolai na tsibirin sun ciyar da shi har ya so ya zauna a cikinsu. Da ya dawo ya yi zanen wasan allo na masu yawo da keke, ya koma shagunan haya, yana kai kayan gida jingina, bai ga sauƙi ba sai a 1965 yana da shekara 43.

A gidan tarihin na tsaya gaban wani shafi na asali, daji ne da aka cike da ɗigo da siraran layuka dubbai, ganye bayan ganye, sannan a tsakiya ga ɗan mutum da aka zana da layi kaɗan kamar wasa. Yaron ya karanta mini bayanin da ke ƙasa, ni kuma ina lissafin yadda mai hannu ɗaya ke danne takarda yana irin wannan aiki. A 1973 ya fitar da labarin rundunarsu da aka tura ta mutu a banza, bai ɓoye yunwa da marin da hafsoshi ke yi wa ƙananan sojoji ba. Tezuka ya fi shi tasiri, wannan ba gardama, amma idan aka ce in ɗauki aikin mutum ɗaya in zauna da shi, na Mizuki zan ɗauka. Ya rasu a 2015 yana da shekara 93.

Na so in ƙarasa Kumamoto, inda aka kafa mutum-mutumin taurarin One Piece bayan girgizar ƙasar 2016 saboda Oda ɗan can ne, amma aljihu ya ce a juya. Muka koma Tokyo a motar dare, wadda ta fi jirgi arha nesa ba kusa ba, ko da yake ta karya mini baya. Abin da ya rage na zuba shi a shagon littattafan gwanjo, inda ake samun manga a kan yen 110, na zaɓi Black Jack da Kitaro da Dragon Ball na farko-farko, domin ko ɗalibaina ba su karanta rubutun ba za su ga yadda ake tsara shafi. A filin jirgi jakar ta haura nauyin da aka yarda, sai na bar wa yaron rigunan sanyin, littattafan suka taho Kano.